Dorade: Tambayoyi da Amsoshi Kan Jirgin Katakon da Ya Sauya Tseren Teku

Dorade jirgin ruwa ne na katako mai tafiya da iska, wanda aka saka a ruwa a Amurka a 1930. Ya ci tseren ƙetare Tekun Atilantika a 1931, ya kuma ci tseren Fasifik sau biyu, a 1936 da 2013. A wannan shafi, filafili na nufin babban ƙyallen da iska ke turawa, jigo kuma dogon itacen da ke riƙe da shi a tsaye. Duk inda aka ce mil, mil na teku ake nufi, wato mita 1,852.

Wa ya zana shi, wa kuma ya ƙera shi?

Olin Stephens ne ya zana shi a 1929, yana ɗan shekara 21. Bai gama jami'a ba. Ya shiga MIT, jami'ar fasaha da ke jihar Massachusetts, ciwon shawara ya mayar da shi gida bayan zangon karatu ɗaya, daga nan ya kama koyon zanen jirage a wurin masu sana'ar. A 1929, shekarar da kasuwar hannun jari ta Niyok ta karye, shi da wani dillalin jirage mai suna Drake Sparkman suka kafa kamfanin Sparkman & Stephens, kuma Dorade shi ne zane na 7 a kundin kamfanin. Mahaifinsa, Roderick Stephens, wanda ya sayar da kamfanin kwal na gidansu, shi ya biya kuɗin aikin, dala 28,000.

An ƙera jirgin a masana'antar Minneford da ke City Island a Niyok, ƙanin Olin mai suna Rod ne ya tsaya a kan aikin. Haka suka raba aiki har tsufansu: Olin na kula da siffar jiki da lissafi, Rod na kula da igiyoyi, ƙarafuna da duk abin da zai iya tsinkewa a tsakiyar teku.

Yaya girmansa yake?

Tsawonsa daga goshi zuwa baya ƙafa 52 ne, kusan mita 16. Tsawon ɓangaren da ke taɓa ruwa a zane ƙafa 37 da inci 3. Faɗinsa ƙafa 10 da inci 3 kacal, zurfinsa cikin ruwa kuwa kimanin ƙafa 8. Nauyinsa wajen tan 17, kuma kusan rabin wannan nauyi dalma ce da aka ɗaure a can ƙasan gindinsa.

Me ya bambanta shi da jiragen tsere na zamaninsa?

A shekarun 1920 masu tseren teku a Amurka sun yi imani cewa jirgin da zai fita babban teku dole ya yi kama da jiragen masunta na New England: mai faɗi, mai kaurin katako, mai jigaye biyu manya, da ƙarfe ko dalma jibge a cikin ciki don ya zauna daram. Jiragen John Alden masu suna Malabar su ne abin koyi, kuma suna cin tsere. Siririn jirgi mai sauƙin jiki, a ganinsu, na wasan bakin gaɓa ne.

Olin ya fito daga zanen ƙananan jiragen tsere na ajin mita shida, sai ya ɗauko tunaninsu ya kai teku. Ya matse faɗin jirgin domin ya tsaga ruwa maimakon ya tura shi. Ya fitar da dalmar daga ciki ya mayar da ita waje, a ƙasan ƙashin bayan jirgin, inda kowane kilo ya fi na wadda ke cikin ciki aiki wajen tsayar da jirgin. Sannan ya rage nauyin gangar jikin ta hanyar amfani da siraran haƙarƙarai na itacen oak da aka lanƙwasa da tururi, a jere kusa da juna, maimakon manyan haƙarƙarai da ake yankowa da zarto ana haɗa su gaɓa-gaɓa. Nauyin da aka rage a sama shi aka ƙara a ƙasa. Wannan shi ne sirrin jirgin gaba ɗaya, sauran abubuwan duk a kansa suka hau.

Ribar ta fi fitowa idan iska na zuwa daga gaba. Jirgin iska ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ya riƙa karkacewa dama da hagu. Faffaɗan jirgi mai gajeren gindi yana zamewa gefe, kuma dole ya buɗe kusurwa sosai. Dorade yana matsawa kusa da iska, gindinsa mai zurfi na hana shi zamewa, don haka a tafiyar kwana da kwanaki yana yanke hanyar da manyansa ke zagayawa.

Yaya ake lanƙwasa haƙarƙari da tururi, kuma ina yake karyewa?

Ana zaɓar ɗanyen oak wanda jijiyarsa ta miƙe daga farko har ƙarshe, ba kulli, ba karkata. A saka shi cikin dogon akwati da tururin tafasasshen ruwa ke shiga. Ƙa'idar masassaƙa ita ce awa ɗaya ga kowane inci na kauri. Da an ciro shi, minti ɗaya ko biyu kawai ake da shi kafin ya huce ya ƙi lanƙwasuwa, shi ya sa mutum biyu ko uku ke aikin tare: ɗaya ya kafa gindin, ɗaya ya danna, ɗaya ya bi da matsewa.

Idan tururin bai ratsa ba, itacen ya tsage a bayan lanƙwasar nan take. Idan ya daɗe fiye da kima, ya yi laushi ya rasa ƙarfinsa. Mafi muni shi ne wanda ya yi ƙaramin rauni a ciki ba a gani ba, sai bayan shekaru ya karye. Karayar kusan kullum a wuri ɗaya take, a kwanar da gefen jirgi ke juyawa ya zama ƙasa, inda lanƙwasar ta fi tsanani, kuma ramin ƙusa na ƙara raunana wurin. In haƙarƙari ɗaya ya karye, nauyinsa ya koma kan maƙwabtansa, sai a iske biyar ko shida a jere sun karye a layi ɗaya.

Siririn jirgi haka ba ya kifewa?

Yana saurin karkata, amma kifewa daban ce. Faffaɗan jirgi yana tsayawa ne da faɗinsa. Da farko yana da wuyar karkatarwa, amma in raƙumin ruwa ya kai shi wani mizani, sai ya juye, kuma yana iya zama a kife na ɗan lokaci domin faɗin nan yana riƙe shi a haka ma. Siririn jirgi mai zurfin dalma yana tsayawa ne da nauyinsa. Iska kaɗan ta karkatar da shi, amma duk ƙarin karkata na ɗaga dalmar zuwa gefe, ita kuma tana ƙara janyo shi ya miƙe. Ko da jigonsa ya taɓa ruwa, tan takwas na dalma na nan suna ja. Sharaɗin kawai shi ne kada ruwa ya shiga ciki lokacin da yake kwance, don haka kowace ƙofa da taga a saman irin wannan jirgi ƙarama ce kuma tana kusa da tsakiya.

Me ya sa yake da jigo biyu, babba da ɗan ƙarami a baya?

Wannan tsari shi ake kira yol: babban jigo a gaba, ƙarami a can baya, bayan sandar da ke juya jirgi. Amfaninsa na farko shi ne raba filafilai ƙanana-ƙanana yadda mutum biyu za su iya sarrafa kowanne da dare. Idan iska ta yi ƙarfi, ana iya sauke babban filafili gaba ɗaya, a bar na goshi da na baya, jirgin ya ci gaba da tafiya a daidaice ba ya fizgar mai tuƙi. Idan kuma iska ta koma gefe ko baya-baya, ana ɗaga ƙarin filafili mara nauyi daga kan ƙaramin jigon zuwa tsakiyar jirgi.

Dorade ya fara da sanda mai fita daga goshi don ɗaure filafilin gaba, aka cire ta a shekarunsa na farko. Wanda ya taɓa ganin mutum a kan irin wannan sanda yana nutsewa cikin ruwa har ƙirji yana ƙoƙarin sauke ƙyalle, ya san dalili.

Yaya aka yi ya ci tseren Atilantika na 1931?

Jirage goma suka tashi daga Newport a Amurka ranar 4 ga Yuli, 1931, za su Plymouth a Ingila. Dorade na cikin ƙananansu. Mutum bakwai ne a cikinsa, har da mahaifin su Olin, yawancinsu samari. Hankalin mutane na kan manya irin su Landfall da Highland Light.

Hanya biyu ce. Ta kudu tana bin kogin ruwan ɗumi da ke gudu cikin teku, wanda ake kira Gulf Stream. Tana da tsawo, amma ruwan na tura jirgi gaba, kuma babu ƙanƙara. Ta arewa ita ce mafi gajarta a kan ƙwallon duniya, ko da yake a shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ta yi kamar zagaye. Tana bi ta kusa da Cape Race a Newfoundland, ta ratsa Grand Banks, inda hazo ke rufe ido kwana da kwanaki, ga sanyi, ga tsaunukan ƙanƙara masu yawo. Yawancin jiragen sun bi ta kudu. Olin ya zaɓi arewa.

Sun iso Plymouth cikin kwana 17 da awa 1 da minti 14, kwana biyu kafin jirgi na biyu. Da aka yi lissafin rangwame, wato ragin lokaci da ake yi wa ƙananan jirage a tsere, ratar ta kusa kwana huɗu. Ba su san matsayinsu ba sai da suka iso gaɓar Ingila suka tambayi tashar da ke magana da jirage ta hanyar ɗaga tutoci, aka amsa musu cewa su ne na farko.

Zaɓen hanya ya taimaka, amma a duba lissafin gudu. Jirgi mai nauyi irin wannan yana da iyakar da tsawonsa ya yanka masa, domin yana tafiya ne tsakanin tudun ruwa biyu da shi kansa ya tayar, ɗaya a goshi ɗaya a baya. Ana gano iyakar haka: a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da tsawon da ke taɓa ruwa, a nan wajen 6.1, a ninka ta da 1.34. Ya ba da mil 8.2 a awa. Dorade ya ci sama da mil 2,800 a matsakaicin gudu na kusan mil 7 a awa, dare da rana, har da lokutan da iska ta kwanta. Ba a samun haka sai an riƙa canja filafili duk lokacin da iska ta canja, ko da ƙarfe uku na dare ne.

Da me suke gane hanya a lokacin?

Da kamfas, agogo, da sakstan, wato na'urar auna tsayin rana ko tauraro daga layin da sama ta haɗu da ruwa. Awon tsakar rana na nuna nisan jirgi daga tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta arewa da kudu, zuwa arewa. Sanin gabas da yamma kuwa ya dogara ga agogo mai riƙe lokacin Greenwich na Ingila daidai. Kuskuren daƙiƙa huɗu a agogo kuskuren mil ɗaya ne a tsakiyar duniya, wajen kashi biyu cikin uku na mil a inda suke bi. Shi ya sa ba a taɓa gyara hannun agogon, sai dai a rubuta yawan daƙiƙoƙin da yake ƙarawa ko ragewa kullum a saka a lissafi.

A cikin hazo babu rana, babu layin sama. Sai a koma ga ƙiyasi: inda aka dosa, gudun da ƙaramar farfelar da ake ja a baya da igiya ta nuna, da awoyin da aka yi. Kuskure na taruwa daga gudun ruwan da ba a gani da kuma mai tuƙin da ya gaji yana kaucewa ba ya faɗa. Auna zafin ruwa na taimakawa, domin faɗuwarsa farat ɗaya na nuna an bar ruwan ɗumi an shiga na Labrador mai saukowa da ƙanƙara. Olin da kansa ne ya riƙe wannan aiki a 1931.

Mene ne lissafin rangwame da ake ta ambata?

Dogon jirgi ya fi gajere gudu, don haka in za a bar su haka, mai kuɗin ƙera mafi girma ne zai riƙa ci kullum. Sai ake auna kowane jirgi, tsawo, faɗi, nauyi, zurfi da girman filafilai, a ba shi lamba. Wani tsarin na ba ƙaramin jirgi daƙiƙoƙi a kan kowane mil, wani kuma na ninka lokacin da jirgi ya yi da lambarsa. Misali: babban jirgi mai lamba 1.20 ya yi awa 100, lokacinsa na lissafi 120 ke nan. Ƙarami mai lamba 0.95 ya yi awa 125, nasa 118.75. Ƙaramin ya ci, ko da yake ya iso kwana guda a baya. Abin da ya sa nasarar 1931 ta girgiza mutane shi ne Dorade bai buƙaci rangwamen ba, shi ya riga kowa isowa.

Waɗanne tsere kuma ya ci a shekarun 1930?

A tserensa na farko zuwa Bermuda a 1930 ya zo na biyu a ajinsa. A watan Agustan 1931 ya ci Fastnet, tseren da a lokacin yake kimanin mil 600, daga Cowes a Ingila, a kewayo dutsen Fastnet a kudu maso yammacin Ailan, a dawo Plymouth. Da suka koma gida aka yi musu jerin gwano a titin Broadway. A 1932 ya ci ajinsa a tseren Bermuda. A wannan tseren ne jirgin Adriana ya kama da wuta daga rigunan ruwa masu mai da aka ajiye kusa da murhu, jirgin Jolie Brise ya ceto mutum goma, ɗaya ya rasu. Har gobe wuta na cikin abubuwan da aka fi tsoro a jirgin katako.

A 1933 Rod ya tuƙa shi zuwa Nowe, ya sauko ya sake cin Fastnet, ya komo Amurka ta teku, aka ba shi lambar yabo ta Blue Water. Daga baya James Flood na San Francisco ya saye shi, ya shiga tseren Fasifik da ake kira Transpac zuwa Honolulu a 1936, ya riga kowa isowa, ya ci ajinsa, ya kuma ci a lissafin rangwame.

Mene ne akwatin Dorade, kuma yaya yake aiki?

Wannan ita ce ƙirƙirar da ta kai sunan jirgin ko'ina, har ga waɗanda ba su san tarihinsa ba. Matsalar tsohuwa ce: mutane bakwai a rufaffen ɗaki da jiƙaƙƙun kaya da murhu suna buƙatar iska, amma duk ramin da iska za ta bi, ruwa ma zai bi. Rod Stephens ya warware ta a farkon shekarun 1930.

Ana kafa akwati a saman jirgi. A kan murfinsa, ta gefe ɗaya, akwai bututu mai lanƙwasasshen baki da ke kamo iska. A ɗaya gefen, a cikin akwatin, akwai bututu na biyu da ke sauka cikin ɗaki, amma bakinsa a ɗage yake sama da ƙasan akwatin. Sau da yawa ana sa ɗan allo tsakaninsu. Iska da ruwa su shigo tare, ruwan ya faɗi ƙasa saboda nauyinsa ya fice ta ramukan da aka huda a gindin akwatin, iskar kuma ta haura ta shiga bututu na biyu. Babu inji, babu abin da ke motsi.

Awo shi ne komai. Ga bututu mai faɗin inci 4, bakin kamo iska ya kamata ya kai inci 8, wato ninki huɗu a fili. Tsayin akwati kada ya gaza inci 6. Ramin fitar ruwa ya kai inci ɗaya a kowane gefe, dama da hagu, domin jirgi a karkace yake tafiya, ruwan kuma gefen ƙasa yake taruwa.

Inda ake samun matsala sananne ne. Masu son kyan gani suna ƙanƙanta akwatin da ramukan, sai ruwa ya shigo fiye da yadda yake fita, ya cika akwatin ya zubo kan gadon wani. Fenti da datti suna toshe ramukan a hankali, don haka a riƙa zura waya ana dubawa. Igiyar filafilin gaba na maƙale bakin bututun ta fizge shi, shi ya sa ake kewaye shi da ƙarfen kariya. In ruwa na yawan hawa, a juya bakin ya kalli baya, zai koma zuƙo iska daga ciki. In guguwa ta kai a ji tsoron jirgi zai kwanta, a cire bakin gaba ɗaya a murɗa murfin ƙarfe, domin akwatin ba ya tare ruwa idan ya nutse. Kuma akwati ɗaya ba ya isa: sai da mashiga da mafita iska ke zagayawa.

Ba shi da aibi ke nan?

Yana da shi, kuma Olin da kansa ya yarda cewa ya matse shi fiye da kima. Idan iska na bayansa sosai, Dorade yana rangaji dama da hagu, kowane kaɗawa na ƙara wa na gaba ƙarfi, har gefunan jirgin su riƙa shan ruwa bi da bi. Dalmar da ke ƙasa tana lilo, faɗin da zai tsayar da lilon kuma babu. Barci da girki su gagara, kuma akwai haɗarin iska ta zagayo bayan babban filafili ta wurgo sandarsa ta ƙasa zuwa ɗaya gefen da ƙarfin da zai iya kashe mutum ko karya jigo.

Maganinsa a hannun matuƙa yake. Kada a sa iska a ƙeya daidai, a karkata digiri 15 zuwa 20. A ɗaure sandar babban filafili da igiya zuwa goshi don kada ta wurgo. A janyo babban filafilin gaba mai kumbura ƙasa-ƙasa, kada a bar shi yana yawo a sama. A zanensa na Stormy Weather a 1934 Olin ya ƙara faɗi sosai, wannan jirgi kuma ya ci tseren Atilantika zuwa Nowe da Fastnet a 1935.

Ciki ma a matse yake, kuma kaya na da nauyi. Mutum bakwai, lita uku kowanne a rana, na kwana talatin don a bar rara, lita 630 ke nan, fiye da rabin tan na ruwan sha kaɗai. Dole a ajiye shi ƙasa kuma a tsakiya, in ba haka ba a rushe abin da mai zane ya gina.

Ina ya shiga bayan 1936, kuma jirgin yau shi ne na 1930?

Ya daɗe a gaɓar yammacin Amurka yana sauya hannu. A shekarun 1990 aka kai shi Italiya, masana'antar Cantiere Navale dell'Argentario ta yi masa babban gyara a 1997, ya shiga tseren tsofaffin jirage a Bahar Rum. Daga baya ya komo Amurka aka sake masa haƙarƙarai da dama. Olin ya rayu ya ga duk wannan, ya rasu a 2008 yana da shekara 100.

Katako da yawa a jikinsa ba na 1930 ba ne, kuma babu jirgin katakon da zai kai wannan shekaru yana fita teku ba a sauya masa ba. Abin da ake kiyayewa shi ne siffa, awo, irin itace da hanyar haɗawa. Jirgin da aka ƙi taɓawa don a ce na asali ne, a kan tudu zai ƙare.

Ta yaya jirgi mai shekara 83 ya ci Transpac a 2013?

Matt Brooks da Pam Rorke Levy sun saye shi a 2010 da niyyar mayar da shi manyan tseren da ya yi a ƙuruciyarsa, abin da mutane da yawa suka ɗauka ganganci ne. Aka bi jikinsa gaɓa-gaɓa, aka yi masa sababbin jigaye na katako, aka sabunta igiyoyi, filafilai da na'urori. A 2013 ya yi mil 2,225 daga Los Angeles zuwa Honolulu cikin kwana 12 da awa 5, ya fi lokacinsa na 1936 da fiye da kwana guda, ya kuma doke jiragen zamani a lissafin rangwame.

Masu cewa rangwame ne ya ba shi sun faɗi rabin gaskiya. Manyan jirage sun riga shi isowa da kwanaki. Amma lambar rangwame na auna abin da jirgi zai iya ne, wanda ya ci shi ne wanda ya fi matsawa kusa da iyakarsa. Matsakaicin gudunsa ya kai wajen mil 7.6 a awa, ga jirgin da lissafi ya yanka wa kaɗan sama da 8, a tseren da yawancinsa iska na baya, inda ya fi wahalar tuƙi. Bayan haka ya koma Bermuda, ya sake ƙetare Atilantika a 2015, ya zo na biyu a ajinsa a Fastnet na wannan shekara, ya kuma je Ostireliya ya yi tseren Sydney zuwa Hobart a 2017.

Wane tasiri ya yi ga jiragen da suka biyo baya?

Bayan 1931 tsarin jiragen masunta ya fara ja da baya a tseren teku, dalmar waje da sassauƙan jiki suka zama ƙa'ida. Kamfanin Sparkman & Stephens ya mamaye fagen shekaru arba'in. Sayula II da ya ci tseren zagaya duniya na Whitbread na farko a 1973 zuwa 1974, da Flyer da ya ci na biyu, duk zanensu ne.

Me ke lalacewa a tsohon jirgin katako, kuma me ake dubawa kafin a fita teku?

Ruwan sama ya fi ruwan gishiri ɓarna. Gishiri na hana ruɓa, ruwan daɗi kuwa in ya sami tsaga a saman jirgi ya kwanta inda iska ba ta kaiwa, naman gwari ya kama itacen. A duba ƙarƙashin gefunan sama, kewayen jigo, kusurwoyin ɗaki da kawunan haƙarƙarai. Ana bi da ƙaramar guduma: lafiyayyen itace na amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe da ƙara a dushe.

Sai ƙusoshi masu murɗi da ke riƙe allunan jiki. Ba a gane lafiyarsu daga waje, dole a zaro wasu daga wurare daban-daban, musamman layin ƙasa kusa da ƙashin baya da kuma goshi. Wadda ta siranta a wuya ko ta koma ruwan hoda mai gautsi ta gama aiki, kuma 'yan'uwanta na kusa haka suke. Tagulla ta gaske ake sawa. Baƙin ƙarfe a cikin oak ba ya daɗewa, domin tsamin itacen na cin ƙarfen, tsatsar kuma na cin itacen.

Dogayen notocin da ke riƙe dalma su ne rayuwar jirgin. Suna lalacewa ne a tsakiya, a mahaɗar dalma da katako, inda ido ba ya kaiwa, kansu kuwa na nan fes. A zaro ɗaya ko biyu a gani. Tsatsa ko ruwa mai tsiyaya daga mahaɗar bayan an ɗaga jirgi alama ce.

Akwai kuskuren da masu kyakkyawar niyya ke yi: yawaita dunƙulen zinki da ake liƙawa don kare ƙarafunan ƙarƙashin ruwa. A jirgin katako, in ya yi yawa, sinadari mai kaifi na taruwa kewaye da ƙarfen ya narkar da itacen. Alamarsa farin gari da laushi kamar auduga a kewayen noti ta ciki.

Tsakanin alluna ana cusa zaren auduga a shafe. Jirgin da ya daɗe a tudu allunansa na bushewa su buɗe. Kada a cika tsagar da abu mai tauri a lokacin, domin in ya koma ruwa itacen zai kumbura, ya rasa wurin zuwa, ya karya haƙarƙari ko ya fizge ƙusa. A sa abu mai laushi, a saka jirgin a ruwa yana rataye ko famfo na aiki, a ba shi kwanaki ya sha ruwa kafin a ɗora masa nauyin jigo da filafili.

Jigon katako rami ne a ciki, an haɗa shi da gam daga dogayen alluna. A bi layin gam ɗin daga ƙasa har sama ana neman inda ya buɗe, a kuma lura da baƙin tabo a ƙarƙashin man ƙyalli, musamman inda aka ɗaura ƙarfe, domin nan ruwa ke shiga. A tabbatar ramin tsiyayar ruwa a gindin jigon a buɗe yake. Ƙarafunan da wayoyin riƙe jigo ke kamawa a gefen jirgi sukan tsage daidai inda suka ratsa katakon sama, don haka sai an kwance su an ciro ake ganin wurin.

Daga ƙarshe a fita gwaji cikin iska mai ƙarfi, a matsa wa jirgin yana fuskantar iska awa biyu ko uku a kowane gefe, mutum ɗaya na ciki da tocila yana duba gindin jigo da layin ƙasa. A ƙirga bugun famfon hannu da ake yi kowace awa a rubuta. In adadin na ƙaruwa daga awa zuwa awa, ko ya fi yawa a gefe ɗaya, akwai abin da ke motsi a jikin jirgin, sai a koma a nemo shi kafin ranar tashi.